Kalmar da Na Ɗauka a Babur Har Bodinga

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ki a bakin titin Kajiji ta sauke ki Sakkwato lafiya, ke da kayanki, babu abin da ya fashe, babu abin da ya ɓace. Allah Ya sa kin tarar da ɗaki mai iska da abokan zama masu kunya. Idan kina karanta wannan, to kin kwance ƙullin albasar da ke ƙasan jakarki ke nan, don a nan na cusa takardar lokacin da kika shiga ɗaki yin ban kwana da innarki.

Kwana huɗu na yi ina rubutu, kullum bayan la'asar, a gindin mangwaron lambu, da biron ƙanwarki Safiya. Kin san a aji huɗu na firamare na ajiye boko na ɗauki fartanya, saboda haka inda harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki. Da baki ya kamata in faɗa miki waɗannan maganganu. To amma ke ɗiyar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci. Kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Shekara goma sha takwas ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ta ina zan zaunar da ke in ce ga inda na yi wauta? Takarda ba ta da ido. Ita zan iya faɗa wa.

Zan fara da kalmar nan da kika jefe ni da ita.

Kin tuna ranar da saƙo ya shigo wayarki cewa makarantar koyon aikin ungozoma ta ɗauke ki, kuma an ba da mako biyu a cika takardu a kwamfuta, in ba a cika ba a ba wata gurbin. Kika durƙusa kika nuna mini. Na ce, "Sai mun gani." Bayan kwana uku kika sake tuntuɓata, na sake cewa, "Sai mun gani." Ran na bakwai ina ɗaure buhu a babur a ƙofar gida, sai na ji muryarki ta bayan katanga kina ce wa innarki:

"Inna, ni dai na gaji. Baba kwansabatib na."

"Mi kic ce ma ubanki?" in ji innarki. "In zagi na, maishe shi ciki tun ban taso ba. In kau yabo na, hwaɗa da Hausa mu ji daɗi mu duka."

Ni kuwa na yi kamar igiya ce ta sha mini kai. Amma kalmar ta shiga kunne. Na hau babur ina maimaita ta a baki don kada ta faɗi a hanya. Na wuce Shagari ina faɗi. Duk ramin da na faɗa sai in sake kamo ta daga farko. Haka na kai ta Bodinga da ranta.

A kasuwar Bodinga akwai shagon telan da ke yi mini ɗinki. A nan Ticha Nasiru yake zama, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, yana raba wa mutane labarin duniya kyauta. Na gaishe shi na ce, "Ticha, na zo da kaya a baki, ka sauke mani."

Na faɗa masa. Ya cire tabarau, ya dube ni daga hula har takalmi, ya fashe da dariya har tela ya tsai da keke.

"Wa ya ce maka haka?"

"Wani mutum."

"Wanga mutum ya san ka ƙwarai."

Sannan ya gyara zama ya warware mini. Ya ce kalma ce da Turawa ke siffanta mutum da ita idan ba ya gaggawar sakin abin da ya sani don ya kama abin da bai sani ba. Mai taka-tsantsan, mai tafiya sannu, mai riƙon na da.

"Kuma ba mutum kaɗai ba," in ji shi, ya kama hannun rigata. "Ka ga rigarka wagga? Shuɗiya, babu ado a wuya, ɗinkin da kakanka ya sani. Ita ma ana ce mata haka."

"Shekara goma ina yi mai ɗinki," tela ya tsoma baki, "kala guda, yanka guda. Rannan aljihu guda na ƙara, ya dawo daga Kajiji takanas in cire."

Ticha ya ci gaba. Ya ce idan aka tambaye ni abin da lambuna zai ba da, ina ganin mai yawa a raina amma na faɗi ƙasa da haka don kada in ji kunya, wannan ƙiyasin ma sunansa ke nan. Likita kuma idan ya ce a fara da magani da hutu kafin a kai ga wuƙa, ana ce wa aikinsa haka.

Na ce, "To Ticha, yabo na ko zagi?"

"Ya danganta ga bakin da ta fito. Daga bakin mai ba ka ajiya, yabo na. Daga bakin wanda ka tare ma hanya kau..." Ya ɗaga kafaɗa. "Shekarun wanga mutum nawa?"

"Sha takwas."

"To ba yabo ba na."

Ban ji haushi ba, Ummi. A hanyar dawowa dariya ma na riƙa yi ni kaɗai, don ashe sunan da mutanen fadama suka laƙaba mini, Sai-mun-gani, har Turawa sun tanadi irinsa. Abin da na tsaya tunani a kai shi ne yadda aka yi na zama haka. Don ba haka aka haife ni ba.

Shekarar da aka ɗaura aurena da innarki ban cika ashirin ba. Kakanki, Allah Ya jiƙansa, ya yanka mini gefen lambu ya ce, "Ga naka, ka ci da iyalinka." Na san yadda yake noman albasa tun ina ƙarami. Takin tumaki da yawa, takin zamani kaɗan. Idan lawashi ya fara kwanciya a ɗauke ruwa, a bar ƙasa ta bushe wajen mako biyu. Idan an cire a bar ta ta sha iska a ƙarƙashin ganyenta har wuyanta ya bushe ya tsuke. Sannan a zauna a taɓa kowace ɗaya da hannu kafin ta shiga rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da muke ɗagawa bisa itace, inda albasa ke jiran lokacin da za ta yi daraja. Ni a lokacin gani nake tsohon wahalar da kansa kawai yake yi.

Sai ga abokina Bello, mutumin Lambara da lambunsa ke jingine da namu, wanda kuke kira Baba Yanzu-yanzu. Ya ce, "Kai, tsoho noman dauri yake yi. Zuba mata takin yuriya ba tsoro, ka ba ta ruwa har ranar cira, ka ga ikon Allah."

Na zuba. Na ba ta ruwa. Na ga ikon Allah kuwa. Albasa ta fito kamar kan jariri, har daga wasu lambuna ake zuwa kallo. Na ɗauki ɗaya na je na ajiye kusa da ta kakanki, sai ka ce tunkiya da ɗanta. Ina jiran yabo. Tsoho ya ɗauka, ko girmanta bai duba ba. Ya sa babban yatsa ya matsa wuyanta, ruwa ya tsatso.

"Wagga ta kasuwa ta, gobe-gobe," in ji shi. "Kada ka kai ta rudu."

"Baba, in ta kai damina ai ita za ta saya mani babur."

"To."

Ki ji tsoron "to" ɗin tsoho, Ummi.

Na cika rudu har baki. Wata ɗaya da rabi, ana tsakiyar zafin bazara, innarki da cikinki wata bakwai ta fito tsakar gida tana toshe hanci ta ce, "Malam, wani abu ya mutu bayan gida." Na ce ɓera ne. Bayan kwana biyu ta ce, "Malam, in ɓera na, to shi da danginshi duka sunka mutu." Na je na ɗaga ciyawar rudu. Baƙin ruwa na ɗiga ta ƙasa, ƙudaje sun yi taron suna. Kwana uku ina jida da kwando ina kai wa juji, mako guda ko akuya ba ta yarda ta matso kusa da ni. Kakanki bai ce "na gaya maka" ba. Kwandonsa ya ɗauko ya taya ni jida, wannan ya fi mari zafi. Daga rudunsa muka ci albasa har kika zo duniya.

Ga abin da ban gane ba sai daga baya. Bello bai yi mini ƙarya ba. Shi ranar da ya cire, ranar yake lodawa a mota, bai taɓa mallakar rudu ba. Shawararsa ta mai sayarwa yau ce. Ni kuwa na ɗauki noman mai sayarwa na haɗa da ajiyar mai jira. Saboda haka duk wadda ta ba ki shawara a makaranta, ko da zuciya ɗaya ta ba ki, ki fara duba ina ita ta dosa. Wata takarda kawai ta zo nema, haddar kwana biyu ta ishe ta. Wannan karatun yuriya ne, yana kumbura ranar jarrabawa, ya ruɓe kafin hutu. Ke naki karatun na rudu ne. Za ki buɗe shi wata rana da mace kwance a gabanki tana kiran sunan Allah, ba malami kusa, ba littafi. Ki karanta kaɗan-kaɗan kullum, ki bar shi ya sha iska. Ƙawaye ma haka. Wadda ta zama aminiyarki a yini ɗaya, ta san sirrinki kafin ta san garinku, ki ɗan matsa wuyanta tukuna. Ba na ce ki wulaƙanta kowa ba. Gaisuwa ta kowa ce, rudu ne ba na kowa ba.

To daga wannan shekara na juya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk abin da aka kawo sabo, amsata ɗaya ce. Sabon iri, sai mun gani. Sabon maganin feshi, sai mun gani. Mutane suka fara ba ni ajiya, suna kirana shaida idan ana rabon gona, ni kuma na ɗauka na gama zama mai hankali.

Ana nan Bello ya zo da wasu baƙaƙen faranti guda biyu ya jingina su suna kallon sama, ya ce famfon sola ne. Na ce, "Rana ce za ta ja maka ruwa? Rana da ke shanye ruwa? Sai mun gani." Shekara ta farko na gani. Ta biyu ma na gani, da idona, ruwa na zuba ba ƙara ba hayaƙi. Amma bakina ya riga ya saba. A ta uku fetur ya yi tsadar da kin sani, injin ban ruwana kuma ya tsufa. Sai in wuni ina fizgar igiya har kafaɗa ta riƙe, yana tari sau biyu ya yi shiru. Bello na kwance a gindin mangwaro da rediyo a ƙirji, ya ɗago kai ya ce:

"Sai-mun-gani, ƙaƙa? Ka gani, ko da saura?"

Rabin fangalaina suka bushe ina kallo. Ranar da ya ga haka bai yi mini tsiya ba, sai ya jefo tiyo ta kan iyaka ya ce, "Karɓi, kafin ka kashe sauran. Ranar Allah ta, ba ta ƙarewa." Da ruwansa na fitar da abin da na fitar a shekarar.

Ina riƙe da tiyon nan ne idona ya faɗa kan fangalin da ke bakin rijiya, na tuna abin da na yi shekaru da mantawa. Kakanki kullum yana ware wannan fangali guda ɗaya. Duk baƙon irin da wani ɗan kasuwa ya kawo, a nan yake zuba shi. Duk sabon taki, a nan. Idan ya yi kyau, baɗi ya ba shi fangali biyar. Idan ya lalace, fangali ɗaya ne ya tafi, ba wanda zai kwana da yunwa. Kuma shi ne mutum na farko a fadamarmu da ya ajiye jigo ya sayi inji, bayan ya ari na wani ya gwada a wannan wurin. Ashe rabin halinsa na gada. Na ɗauki riƙon, na bar gwajin.

Don haka idan za ki ce "sai na gani," ki ce, ba laifi ba ne, jinina ne a jikinki. Amma ki sa masa rana. Ki ce sai na gani zuwa Juma'a, Juma'a ta yi ki yanke. Kuma ki ware fangalinki na bakin rijiya. Abincin da ba ki sani ba, ki ɗanɗana. Yarinyar da ba yarenku ɗaya ba, ki zauna kusa da ita a aji ki ji abin da ta sani. Na'urar da aka ce wa zai fara taɓawa, ki ɗaga hannu. Abin da ba a sa shi a fangalin gwaji shi ne sallarki da mutuncinki, waɗannan su ne rijiyar kanta. Rigata kuwa ba zan canja ba, duk wanda ya tambaya ki gaya masa.

Labarin wautata na uku ba na dariya ba ne, kuma kina wurin, sai dai ban san iya abin da kika riƙe ba, don shekararki takwas. Ranar da za a haifi Safiya, innarki ta fara naƙuda tun hantsi. Kika zo lambu da gudu ba takalmi kika ce tsofaffi sun ce a kai Inna asibiti. Na ce ai ke a gida aka haife ki lafiya lau, a bari mu gani zuwa azahar. Na ci gaba da ban ruwa. Sai bayan azahar, da na shiga gida na ji muryarta ta canja, na nemo mota muka kai ta Shagari. Allah Ya rufa asiri. Bayan an sauka, ungozomar ta fito, wata 'yar gajeruwar mata, ko kafaɗata ba ta kai ba.

"Kai ne maigidan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Tun yaushe ta fara?"

"Tun hantsi."

"Mi kake jira?"

"Ina son in gani ko..."

"Ka gani? Da ka ƙara sa'a guda, da ka ga abin da ba ka mantawa har kabari. Ga ɗiyarka, ga matarka. Je ka yi ma Allah godiya, ba wayonka ba na."

Kina riƙe da gefen rigata, kin saki baki kina kallonta. Ban taɓa ganin an yi wa ubanki faɗa kina murmushi ba sai ranar. Ina jin tun daga nan kika zaɓi aikinki.

Da Ticha ya kawo misalin likitan da ba ya gaggawar ɗaukar wuƙa, wannan rana ce ta faɗo mini. Likitan nan ya duba, ya auna, ya san abin da yake jira da kuma lokacin da zai daina jira. Ni ban san komai ba, tsoron asibiti ne kawai da son kada a ce na firgita. Jiran mai sani daban, jiran mai tsoro daban, ko da yake daga nesa zamansu iri ɗaya ne. A aikinki za ki riƙa haɗuwa da mazaje irina. Kada ki ji kunyar girmansu, ki faɗa musu kamar yadda aka faɗa mini. Ke kuma, allurar da ba ki tabbata ba kada ki yi, ki tambaya ko sau goma ne, ko za a yi miki dariya. Amma idan kin ga jini, ko kin ga abin da ya fi ƙarfinki, taka-tsantsan a nan shi ne gudu. Ki kira na gaba da ke tun da wuri.

Yanzu sai in zo kan wautar da ta fi kusa, wadda saboda ita na ari biron Safiya.

Za ki zaci da na dawo daga Bodinga da fassarar Ticha sai na kira ki na ce na yarda. Kin san ban yi ba. Kwana shida na ƙara. Abin da ba ki sani ba shi ne, ran na tara da na ce zan kai albasa Sakkwato, ba albasa kaɗai na kai ba. Na je har ƙofar makarantar. Na zagaya katangarta da ƙafa. Na zauna da maigadi muka ci goro, na tambaye shi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ke shiga ɗakin kwanan 'yan mata, akwai masallaci, akwai ruwa. Duk amsar da ya ba ni mai kyau ce, har da zan tafi ya sa na yi masa alkawarin zan turo ki. Na dawo gida da haushin rashin samun aibu.

Ranar ƙarshe da safe ina shan kunu a tsaye, innarki ta ce, "Malam, ina za ka da wagga gaggawa? Zauna mana."

Na ce, "Iri ya cika kwana arba'in. In ban dasa shi yau ba zai tsufa a gado, ba ya yin kai, sai ganye."

"Awo," in ji ta. Ta ajiye ludayi. "Iri ka sani. Yau za a ruhe cika takardu. Ɗiyarka ta yi sha takwas a gado guda. Tahi ka dasa albasarka."

Ta shige ɗaki ta bar ni da kwano a hannu.

Na tsaya na tambayi kaina, wai me ya rage in gani? Katanga na gani. Maigadi na gani. Sakamakonki na gani, ko ban iya karanta shi duka ba na ga yadda Ticha ya gyaɗa kai da na taɓa nuna masa. Halinki kuwa shekara goma sha takwas ina gani. Babu abin da ya rage. Abin da ke ƙasan "sai mun gani" ɗina ba hankali ba ne, Ummi. Ina tunanin wa zai riƙa karanta mini saƙo a waya, wa zai riƙa kawo mini fura lambu yana gyara mini lissafin kwanakin ban ruwa, yadda tsakar gida za ta yi shiru da hantsi. Ba ke nake tsarewa ba, kaina nake tsarewa, na sa wa abin rigar taka-tsantsan don ya yi kyan gani. Wannan ita ce maganar da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba. Ki yafe mini kwana goma sha ukun da na sa kika yi kina kuka a ɓoye. Ina ji, ba kurma ba ne ni.

Sauran kin sani, sai dai ba ki ga farkonsa ba. Da gudu na isa lambu, na tarar da Bello yana wanke farantansa.

"Bello, tashi! Ga irina can, ka dasa mani shi yau. Bodinga za ni, yanzu-yanzu!"

Ya saki tsumma. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"Mi kac ce? Sake hwaɗi in ji."

"Na ce yanzu-yanzu!"

"La'ilaha illallahu! Jama'ar fadama ku zo ku shaida! Sai-mun-gani ya ce yanzu-yanzu, kuma ni ya ba irinshi!" Har na kai bakin hanya ina jin dariyarsa.

Kin tuna yadda muka tsaya shagon kwamfuta a Shagari aka ce babu sabis, na ce hau mu tafi, ko zama ban bari kin gyara ba. Kin tuna kina ce mini, "Baba, a hankali!" Ke, ni kike ce wa a hankali. Muka isa Bodinga, mai shago ya danna abin da zai danna, takarda ta fito da hotonki kafin kiran la'asar. Da muka biyo ta gaban shagon tela, Ticha ya leƙo ya dube ki, ya dube ni, ya ce, "Wanga na mutumin?" Na ce shi ne. Kika tambaye ni wane mutum, na ce ki hau babur. To yau kin ji.

Ban ce ki janye kalmarki ba. Ta dace da ni, kuma tun da Ticha ya ce tana da fuskar yabo, zan yi ƙoƙari in zauna a wannan gefen. Ke ma ina so ki ɗauki rabonki daga ciki, irin na kakanki, ba irin nawa ba. Jiya Safiya ta ce ita ma idan ta girma makarantar za ta je. Na buɗe baki, tsohuwar maganar ta taho har bakin haƙori, innarki ta zuba mini ido. Na haɗiye na ce, "Ranar da sakamakonki ya fito, ranar za mu cika takarda." Kin ga an fara sa wa abu rana.

Albasar da ke ƙullin nan ita ce ta ƙarshe a rudun bana. Ni na zaɓe ta ɗaya-ɗaya, duk masu siririn wuya ne, ba za su ba ki kunya a ɗaki ba. Akwai gabu a leda, busasshen lawashin da innarki ta daka. Kada ki yi ta ajiya irin ta ubanki, ki ci, ki ba maƙwabta.

Abu na ƙarshe. Kwanakin farko za ki ji kamar ki tattara kaya ki dawo. Kada ki yanke komai a cikinsu. Dashe haka yake, kwana uku yana kwance a ƙasa kamar ya mutu, wanda bai sani ba sai ya ce an yi asara. Ran na huɗu yake ɗaga kai. Ki kira innarki ki yi kukanki, ki share ido ki tafi aji. Ɗazu kafin in rufe takardar nan na zagaya fangalan da Bello ya dasa mini. Layukan sun karkace kamar rubutuna, wani wuri biyu-biyu ya cusa a rami ɗaya. Amma duk sun miƙe, ko ɗaya bai mutu ba.

Allah Ya tsare ki a fita da shiga, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa albarka a hannuwanki, duk jaririn da za su tarba Ya raya shi, duk uwar da za su riƙe Ya tashe ta lafiya. Ya maido mana ke da abin da kika je nema. Ki gaishe da maigadin ƙofa, ki ce mai goron nan na Kajiji ya cika alkawari.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Sai-mun-gani, wanda ya gani.